Motar Armiya'u Mai Kujera Biyu

A garin Ƙaura Namoda an yi wani ɗan kasuwa ana ce da shi Alhaji Armiya'u. Mutum ne mai kyauta, mai zumunci, ba a taɓa jin ya cuci kowa a ciniki ba. Aibinsa guda ne, amma ya ishe shi: yana son a kalle shi. Idan ya ɗinka sabuwar riga ya fita ba wanda ya tanka, to ranar ce ta ƙarshe da zai sa ta. Idan ya shiga taro ba a waiwayo ba, ko abinci aka kawo masa sai ya ce ba gishiri.

Asalinsa mutumin wani ƙauye ne da ke bayan Birnin Tsaba, a ƙasar Zurmi. Mahaifinsu ya rasu yana ƙarami, wansa Jatau ne ya riƙe shi. Jatau ya yi noma ya ciyar da shi, da ya tasa kuma ya sayar da maraƙinsa ya ba shi jari, Armiya'u ya fara awon hatsi a kasuwar Shinkafi. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara harkoki suka buɗe, Armiya'u ya samu hanyar kai gero da dawa makarantun kwana. Allah ya sa wa abin albarka, ya gina gida a Ƙaura, ya je Makka, ya sayi a-kori-kura sabuwa dal, fara, mai tsayin ƙafa, irin wadda tayoyinta huɗu duka ke ja.

Motar nan ta yi wa mutanen ƙauyensu rana. Ita ke kai musu taki, ita ke fito da amfanin gona. Idan wani ya kwanta ciwo sai a shimfiɗa katifa a bayanta, a kwantar da shi, 'yan jinya su zauna a gefe, a bi ta cikin rairayi da kwazazzabai har asibitin Zurmi. Tsofaffin ƙauyen ba su da addu'ar da ta wuce Allah ya ƙara wa Armiya'u.

Shi kuwa addu'a ba ta ishe shi ba. Ba a jima ba kowane kansila da kowane ɗan kwangila ya sayi irin motarsa. Wata Juma'a a Gusau ya fito daga masallaci ya tsaya yana ta kokawa da ƙofar mota, makulli ya ƙi shiga, sai ga mai ita ya zo ya ce masa, "Alhaji, taka tana can gaba." Mutane suka yi dariya. Abin da wani zai mayar raha ya wuce, shi Armiya'u ya kwana da shi a rai.

Akwai wani dillalin motoci a Ƙaura mai suna Maitama, wanda ya san ciwon kowane mai kuɗi a garin. Ya ja Armiya'u zuwa wata rumfa kusa da tashar jirgin ƙasa, ya yaye tamfol. Sai ga wata jar mota, tsohuwar ƙira, doguwar hanci, tsayinta bai wuce ƙugun mutum ba. Ƙofa biyu gare ta, kujera biyu, rufinta na fata ne da ake naɗewa. Maitama ya ce wani Bature mai sayen gyaɗa ne ya shigo da ita tun zamanin da jirgi ke cika da buhuna, ta bi hannu ta bi hannu, shi ya gyara ta. Ya murza makulli, injin ya yi wani ruri da ya sa tattabarun tasha suka tashi gaba ɗaya.

"Alhaji," in ji Maitama, "a-kori-kura motar kaya ta, ko wanda yah hwara kwangila jiya na da ita. Wagga kau, duk Zamfara babu ta biyu. In ka taka ta bisa kwalta, kahin mai a-kori-kura shi sa giya ta ukku kai ka isa Shinkahi. Ga ta, ba ta ɗaukar kowa sai mai ita da wanda yag ga dama."

Armiya'u bai ji komai ba sai "babu ta biyu." Kafin mako ya zagayo ya ba da a-kori-kurarsa, ya karɓi jar mota.

Gaskiyar Maitama ta ɓangare ɗaya ce: a kan kwalta ba motar da ke kamo ta. Daga Ƙaura zuwa Shinkafi iska kawai take sha. Duk inda ya tsaya sai an kewaye ta, masu shayi su bar tukunya, masu babur su kashe inji. Armiya'u ya sayi baƙin tabarau, ya koyi ɗora gwiwar hannu a kan ƙofa. Matarsa Naja'atu ta shiga sau ɗaya, mayafinta ya kusa tafiya da iska, ta ce ita da motar nan sai dai kallo.

Ranar wata kasuwa Jatau ya zo Ƙaura, ya tarar da ita a ƙofar gida. Ya zagaya ta sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Armiya'u, ina aka aza buhu?"

"Ba ta ɗaukar buhu, Yaya."

"Mutum nawa?"

"Biyu."

"To in ka ɗauki Naja'atu, ɗiyan su biyo ku ƙasa? Ita waccan hwarar, mutum goma na shiga bayanta, ta haye rahi ba ta tambayi kowa ba. Wagga cikinta na jan ƙasa. Hanyarmu rairayi ta, ka manta?"

Akwai mutane a wurin, kuma wasu sun fara murmushi. Armiya'u ya ji zafin haka. Ya ce, "Yaya, waccan jaka ce, wagga doki. Kai shanu kas sani, bar mamu zancen mota."

Jatau bai yi fushi ba, ko kuwa bai nuna ba. Ya ce, "Gaskiya ne, shanu nis sani." Sannan ya gaya masa abin da ya kawo shi: an sa ranar gayyar huɗa a babbar gonarsu ta gado, yana son ƙanensa ya halarta kamar kullum.

A shekarun baya Armiya'u ne ke kai wa 'yan gayya durom na ruwa da manyan tukwanen tuwo da ƙwaryar fura a bayan a-kori-kura. Bana but ɗin jar mota, wato ɗan akwatin bayanta, ƙullin goro kawai ya ɗauka, shi ma sai da aka danna. Amma bai damu ba. Abin da ke ransa shi ne mutanen ƙauyensu ba su taɓa ganin motar ba, ga shi za su taru wuri ɗaya.

Ya bar kwalta bayan Zurmi da hantsi. Nan motar ta fara nuna halinta. Manyan motocin hatsi sun haƙa hanyar, sawun taya ya yi zurfi hagu da dama, tudun rairayi ya tashi a tsakiya. Jar mota na tafiya cikinta na gogar tudun. A wata busasshiyar ƙorama sai da ya lallaɓa, ya hau gefe da taya biyu, sannan ya haye da ƙyar. Gabansa ya ɗan faɗi, amma da ya hango bishiyoyin ƙauyensu sai ya manta. Ya tsaya ya naɗe rufi, ya goge tabarau, ya gyara hula.

A da gayya ba ta yiwuwa sai da makaɗa. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a aka bar kiɗan, saboda haka gonar shiru take, ba ka jin komai sai fito da tsawar masu kora shanu da ƙarar garma tana tsaga danyar ƙasa. Shanun huɗa sun jeru bibbiyu, kowa ya sunkuya kan aikinsa, sun ba hanya baya. Armiya'u ya tsaya a bakin gona. Ba wanda ya waiwayo.

Jatau ne mafi kusa da shi, yana dab da kai ƙarshen kunya. Shi ba ya son a ja masa shanu a gaba. Yakan naɗe igiyar hancinsu a wuyan hannunsa na hagu, ya riƙe garma, shi kaɗai ya ishe su. Ranar kuwa ɗaya daga cikin shanunsa ya yi targaɗe, sai ya haɗa karkiya da wani ɗan bijimi da ya aro wurin amininsa Hammadu, Bafillacen da ke zaune a gefen ƙauyen. Bijimin bai daɗe da fara koyon huɗa ba.

Armiya'u ya jira kaɗan, haƙurinsa ya ƙare. Ya matso da mota har kan iyakar gona, ya cire giya, ya taka totur iyakar ƙarfinsa, ya danna oda. Injin ya yi ruri, salansa ta buga wata ƙara kamar an harba bindiga.

To, an waiwayo. Kowa ya waiwayo.

Bijimin Hammadu ya yi tsalle ya fizgi karkiya, ɗayan ya bi shi. Igiyar da ke hannun Jatau ta ɗaure tam, ta finciko shi gaba, ya faɗi a kan garma. Shanun suka yanki gona a guje suna jan mutum da ƙarfe tare. Garmar ta tuntsura, ta tashi sama, ta dawo. Armiya'u ya ga wansa yana birgima cikin kunyoyi, ya ji ihun mutane, shi kuwa ƙafarsa ta ƙi sauka daga kan totur don tsoro. Sai da shanun suka sarƙe a jikin wata bishiyar ƙirya sannan suka tsaya. Hammadu ya isa da gudu ya yanke igiyar.

Da Armiya'u ya ƙaraso, sai ya zube a gefen wansa. Bakin garma ya tsaga cinyar Jatau daga sama, kusa da matsematsi. Jini ba zuba yake ba, tsartuwa yake, yana tsayawa yana dawowa. Hammadu ya warware rawaninsa ya ɗaure, amma raunin ya yi sama da yawa, ɗaurin bai kama ba. Ya dunƙule sauran rawanin ya danna da hannu biyu, ya ɗora nauyinsa duka, jinin ya ragu.

"Alhaji!" Hammadu ya daka masa tsawa. "Tashi! Kawo mota! In na ɗaga hannuna ya tahi. A kwantar da shi miƙe, kada ƙahwar ta lanƙwashe."

Armiya'u ya ruga ya kawo mota. Sai da aka ɗauko Jatau aka iso bakin ƙofa sannan kowa ya tsaya yana kallon kujerar. Babu inda za a kwantar da mutum. Wurin ƙafa rami ne siriri da ya shige ƙarƙashin hancin motar. Wani dattijo ya ce, "Ina hwarar motar, Alhaji?"

Ba yadda za a yi. Aka cusa Jatau zaune, aka lanƙwasa ƙafar don ta shiga. Ya yi wata ƙara da Armiya'u bai taɓa jin irinta daga bakinsa ba, jini ya ɓalle ya jiƙa kujera. Hammadu bai samu wurin zama ba, sai ya hau kan but ya durƙusa, ya sunkuyo ta saman kafaɗar Jatau yana danna raunin. Aka tura wani da keke ya yi gaba ya nemo mota a Zurmi, don a lokacin babu wayar hannu. Sauran mazan suka biyo su da gudu.

Armiya'u ya ja mota. Yana son ya yi gudu, ga injin da zai iya, amma kowane gargada sai hannun Hammadu ya goce, jini ya tsarto har kan gilashi. Idan ya rage gudu kuma sai ya dubi fuskar wansa ya ga ta ƙara yin toka. Yana ta maimaita Innalillahi, yana cewa, "Yaya, yi mani magana. Yaya, kada ka rufe ido."

"Ina jin ka," in ji Jatau a hankali. "Dubi hanya."

Suka iso busasshiyar ƙoramar nan. Ɗazu shi kaɗai ne a ciki ya haye da ƙyar; yanzu mutum uku ne, bayan motar ya zauna. Armiya'u ya rufe ido ya taka. Motar ta shiga da ƙarfi, aka ji wani abu ya daku a ƙarƙashi, ta tsaya cak. Cikinta ya hau tudun tsakiya ya zauna daram, tayoyin baya suna juyawa a banza suna watsa rairayi. Ya sa giyar baya, ya sa ta gaba, ya sake. Ba ta motsa ba.

Ya diro ya durƙusa yana tonon rairayi da hannuwansa, babbar rigarsa na jan ƙasa, hula ta faɗi bai sani ba. Yana tono yana kuka, rairayi na komawa. Can mazan da suka biyo su suka iso suna haki, suka kama motar ta kowane gefe suka ɗaga ta, suka tura ta gaba. Sai ga baƙin mai ya malale a inda ta tashi, yana ci gaba da zuba daga cikinta. Armiya'u ya murza makulli. Injin ya yi tari, ya ɗan tashi, ya yi ƙara mara daɗi, ya mutu. Ya sake murzawa har sai da wani ya riƙe masa hannu.

Daji ya yi tsit. Babu mota gaba, babu mota baya, ranar ba ranar kasuwa ba ce. Armiya'u ya dubi hanya, ya dubi wansa, wani irin tsoro ya rufe shi wanda bai taɓa sani ba tun yana yaro. A da duk abin da ya firgita shi wurin Jatau yake gudu, yau ga Jatau nan kansa ya langaɓe a jikin ƙofa.

Aka koma da gudu aka ɗauro amalanke da wasu shanun. Aka zuba ganyen sabara, aka shimfiɗa riguna, aka kwantar da Jatau miƙe. Hannuwan Hammadu sun sage, ba ya iya matse yatsunsa, sai ya ce, "Alhaji, karɓa. Danna nan, da ƙarhinka duka." Armiya'u ya hau ya durƙusa, ya ɗora hannu biyu a kan jiƙaƙƙen rawanin. Yana jin bugun jinin a tafinsa, yana jin ɗuminsa na bi ta tsakanin yatsunsa.

Amalanke ya kama hanya. Mai kora yana dukan shanu, amma shanu tafiyarsu ɗaya ce. Kowace bishiya sai sun daɗe suna kallonta kafin su wuce ta. Armiya'u ya ɗaga kai yana neman ƙurar mota a gaba, bai ga komai ba. Ya roƙi Allah da duk addu'ar da ya sani, ya yi alkawura, ya ce a ɗauki duk abin da ya mallaka. Bugun da ke ƙarƙashin tafinsa kuwa sai raguwa yake.

Mazan da ke tafiya a gefe suna magana ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya iya duban Alhaji ya faɗi abin da kowa ya gani, sai suka ɗora wa dabba. Wani ya ce bijimin nan mugu ne, in an koma a yanka shi. Wani ya ce dama bai kamata a aro shi ba. Hammadu ya sunkuyar da kai.

Jatau ya buɗe ido. Leɓunansa sun bushe sun yi fari. Armiya'u ya sunkuya har kunnensa ya kusa taɓa bakinsa.

"Armiya'u."

"Na'am, Yaya. Mun kusa. Wallahi mun kusa."

"Hwaɗa masu kada su taɓa bijimin Hammadu." Ya numfasa. "Ba laihinai ba ne. Tsoro yaj ji."

"Yaya, ni ne. Ni na..."

"Na sani," in ji Jatau. Babu faɗa a muryarsa. Ya ɗaga hannunsa na hagu, wanda igiya ta saɓule wa fata, ya ɗora a kan hannun ƙanensa, ya ɗan matsa. Sannan ya fara kalmar shahada, Hammadu na tafe a gefe yana taya shi.

Sun hango rufin kwanon gidajen Zurmi daga nesa lokacin da motar da aka aika nema ta ɓullo tana tsalle a kan hanya. Mutane suka ɗaga hannu suna kiranta, mai amalanke ya ja shanu ya tsaya. Hammadu ya leƙa fuskar amininsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa hannu ya shafe masa ido.

Armiya'u bai gani ba, ko kuwa ya ƙi gani. Yana nan durƙushe, ya danne raunin da ƙarfinsa duka, yana ce wa direba ya matso, ya buɗe baya, a kama masa a hankali kada ƙafar ta lanƙwashe. Ba wanda ya motsa. Dattawa suka shiga maimaita Innalillahi.

"Alhaji," in ji Hammadu, hawaye na bin gemunsa, "ɗauke hannunka."

"In na ɗaga jinin zuba zai yi."

"Ba shi zuba kuma. Ɗauke hannunka."

Sai da mutum biyu suka hau amalanken suka ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Ba a auna abin hawa, ko tufafi, ko gida, da yawan idon da ya tara, sai da amfanin da zai yi maka da mutanenka ranar da buƙata ta zo, kuma ranar ba ta sallama. Armiya'u ba mugu ba ne, bai yi nufin cutar da kowa ba. Ya dai fifita a kalle shi a kan ya amfani jama'a, ya raina shawarar wanda ya raine shi don kawai an faɗe ta a gaban mutane. Mai karatu, idan ka ji zuciyarka na tura ka yin wani abu don a waiwayo a gan ka, tsaya ka dubi waɗanda ke kusa da kai tukuna, domin sau da yawa ba mai son a gani ne ke fara jin ciwon ba, wanda ya fi ƙaunarsa ne.